Man tabar wiwi: Me ya sa gidaje ke fashewa a Amurka?

Tun bayan da wasu jihohin Amurka suka halatta shan tabar wiwi, 'yan kwana-kwana da likitocin da ke kula da masu ƙunar wuta suka shiga fama da wata sabuwar matsala, wato fashewar gidajen da ake tatsar man wiwi da iskar gas ta butan.

Butan ita ce iskar da ake ɗura wa laita, kuma tana cikin gas ɗin girki. Masu wannan sana'a na amfani da ita ne domin narkar da danƙon da ke jikin furen tabar, inda sinadarin THC mai sa maye ya fi taruwa. Abin da ke fitowa wani abu ne mai kama da zuma ko kakinta.

Dalilin da ya sa ake rububinsa shi ne ƙarfinsa. A tsakiyar shekarun 1990, THC da ke cikin wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. A wannan man kuwa yakan kai kashi 60 zuwa 90.

Inda haɗarin yake

Butan takan koma iska da zarar ta fito daga gwangwani, domin tana tafasa ne a kusa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Nauyinta ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau biyu, saboda haka ba ta tashi sama ta fice ta taga. Sai ta kwanta a ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta taru a lunguna.

Kashi 2 cikin 100 kacal na butan a iskar ɗaki ya isa a samu fashewa. Ba kuma sai an ƙyasta ashana ba: tartsatsin makunnin lantarki ko injin firiji ya wadatar. Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, irin wadda suke saye galibi ba a sa mata sinadarin warin nan da ke ankarar da mace a kicin idan gas na tsiyaya ba. Mutum na tsaye a tsakiyarta bai sani ba.

Jihar Kolorado ta fara sayar da wiwi bisa doka a watan Janairun 2014. A wannan shekarar jami'ai sun tabbatar da fashewa 32 a jihar, saɓanin 12 a 2013.

Galibi ba mai aikin kaɗai abin ke shafa ba. A watan Nuwamban 2013, irin wannan fashewa ta ƙona wani rukunin gidajen haya a birnin Bellevue na jihar Washington. Nan Campbell, tsohuwar magajiyar garin mai shekara 87, ta ji rauni a ƙoƙarin tserewa, daga baya ta rasu. An yanke wa jagoran masu tatsar hukuncin ɗaurin shekara tara.

Matakan hukumomi

Da farko lauyoyi a Kolorado sun riƙa kafa hujja da cewa tunda an halatta tabar, to sarrafa ta a gida ma halal ne a doka. Majalisar jihar ta toshe wannan kafa a 2015, inda ta mayar da tatsar man da iska mai kama wuta ba tare da lasisi ba babban laifi. A Kalifoniya hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara bakwai, haka ma dokar Kanada ta 2018 ta haramta wa marasa izini.

Kamfanoni masu lasisi na aiki ne da rufaffun injuna, a ɗakunan da aka tanadar wa na'urorin gano tsiyayar gas. Wannan ya rage gobara, amma bai taɓa ɗaya matsalar ba, wato ƙarfin abin da ake sha. Wani bincike da Dakta Marta Di Forti ta kwalejin King's da ke Landan ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya gano cewa masu shan wiwi mai ƙarfi kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau biyar. A binciken, wiwi mai ƙarfi shi ne wanda THC ɗinsa ya kai kashi 10 cikin 100 ko fiye.