Hayar Kawunan Jiragen Tururi a Kan Siririn Layin Dogo

Kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi ba kamar babbar mota yake ba, wadda za a yi hayarta a hau kowace hanya da ita. Shi tamkar kifi ne, ruwansa kaɗai ke karɓarsa. Abu na farko da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogo biyu. A yawancin ƙasashen duniya milimita 1,435 ce, amma a duwatsun Kolorado da ke Amurka kamfanin Denver and Rio Grande Western ya shimfiɗa layi mai ƙafa 3, wato milimita 914, domin siririn layi ya fi sauƙin lanƙwasawa a gefen dutse, ya kuma fi araha.

Wannan tazara ce ta yanke hukunci a shekarar 1942. Sojojin Amurka sun karɓi hayar layin White Pass and Yukon, wanda ya tashi daga garin Skagway na Alaska, domin jigilar kayan yaƙi. Layin mai ƙafa 3 ne, kawunan jiragensa kuma sun yi kaɗan. Saboda haka sai suka ɗebi bakwai daga cikin kawuna goma samfurin K-28 na Kolorado, ƙirar 1923. Ko ɗaya bai koma bakin aikinsa ba, duk an yanyanka su. Ukun da suka tsira, masu lamba 473 da 476 da 478, suna layin Durango zuwa Silverton na 'yan yawon buɗe ido.

Sai dai daidaituwar tazara ba ta wadatar. Lambar da ke cikin sunan samfuri tana nuna ƙarfin jansa: K-36 na jan kimanin laba 36,000, K-28 kuwa kusan 28,000. Mai ƙarfi ya fi nauyi da faɗi, don haka sai da aka ƙarfafa gadoji, aka faɗaɗa matsattsun wurare a 1981, kafin K-36 ya fara zuwa Silverton. Samfurin K-37 kuwa, ko bayan gyaran, wahalar da dogo ya riƙa yi a wuraren kwana a wancan lokaci. Shi ya sa a 1991 hukumar layin ta miƙa mai lamba 497 ga layin Cumbres and Toltec, ta karɓi K-36 mai lamba 482 a madadinsa. Abin mamaki, a kan manyan motoci aka yi wannan musaya, domin tuni an tumɓuke dogon da ya haɗa Durango da Chama.