Fatauci Da Yaro Mai Ciwon Ƙirji: Yadda Za A Tsare Masa Numfashi A Kan Hanya

Duk shekara da zarar an kammala girbi, hanyoyin rairayin da suka taso daga El Allassane Maïreyrey suka nufi Mayahi da Tasawa sukan cika da amalanke da babura da motocin a-kori-kura, ɗauke da gero da wake da awaki. Daga can wasu su miƙe Maraɗi, wasu kuma su bi ta Ɗan Isa da Jibiya su shiga Katsina, har kasuwar Dawanau a Kano. To amma wannan lokaci da kasuwa ke ci shi ne kuma lokacin hunturu, wanda daga watan Nuwamba zuwa Maris iska ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza mana ita a sararin sama. Mace 'yar kasuwa kuwa sau da yawa ba ta da wanda za ta bar wa yaro a gida, saboda haka da shi ake hawa bayan mota, a kan buhuna, cikin hazo da hayaƙin salansa. Idan yaron lafiyayye ne, sai dai mura. Idan kuwa yana da ciwon ƙirji mai dawowa, tafiyar kwana biyu tana iya ƙarewa a gadon asibiti a garin da uwa ba ta san kowa ba.

Ciwon da ya fi addabar yaranmu ta wannan fuska shi ne asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 262 ne ke ɗauke da ita a faɗin duniya, kuma ta kashe 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Sai dai akwai wata cuta da ta fi asma tsanani wadda ba mu cika jin sunanta ba, wato sistik faibrosis, wadda likitocin Nijar da suka yi karatu da Faransanci ke kira mukobisidoz. Gadonta ake yi kamar sikila: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayarta, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da ita. Wata likita Ba'amurkiya, Dorothy Andersen, ita ce ta fayyace ta a 1938, sannan aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta a 1989. Abin da take yi shi ne ta mayar da majinar jiki mai kauri da yauƙi, ta toshe hanyoyin huhu, ta kuma hana ruwan narkar da abinci isa hanji. Yaron sai ya riƙa tari ba ƙarewa, yana ci ba ya ƙiba, bayan gidansa mai maiƙo da wari, kuma idan uwa ta sumbaci goshinsa sai ta ji gishiri sosai.

Cutar ta fi yawa a tsakanin Turawa, inda akan samu kimanin jariri ɗaya cikin 3,000. A baƙar fata ba ta kai haka ba, amma tana nan, kuma a wurinmu alamominta sun yi kama da na tamowa da tarin tibi da limoniya, shi ya sa takan ɓuya a bayansu. Da gwajin gumi ake tabbatar da ita, wanda ba aikin ƙaramar likitar ƙauye ba ne. Uwar da ta ga waɗannan alamomi sun haɗu a jikin ɗanta, ta faɗa wa likita dukkansu a zama ɗaya, har da maganar gishirin, ta nemi a tura ta babban asibiti.

Mun kawo wannan cuta ne saboda iyayen masu fama da ita sun fi kowa sanin yadda ake tafiya da yaro mai ciwon ƙirji, tunda su ba su da ranar hutu. Kullum safe da yamma sai an buɗe wa yaron ƙirji: a ba shi magani ta na'urar da ke mayar da ruwan magani tururi, wadda ake kira nebulaiza, sannan a kwantar da shi a riƙa bubbuga masa baya da gefen haƙarƙari da tafin hannu a lanƙwashe kamar za a ɗebi ruwa, na tsawon minti 20 zuwa 30, domin majinar ta saki ya tofar. Ana yi ne kafin cin abinci, don kada ya yi amai. Wannan bugun ba ya buƙatar wuta ko kuɗi, ana iya yinsa a kan tabarma a bayan rumfa, matuƙar ma'aikacin lafiya ya nuna wa uwa yadda ake yi. Ga kuma ƙwayoyin narkar da abinci da yake haɗiya tare da kowane abinci mai maiƙo, ko da ƙosai ne aka saya a tasha. Sannan saboda gishirin da ke fita da guminsa, a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, dole a ƙara masa gishiri da ruwa fiye da sauran yara, gwargwadon yadda likita ya tsara, in ba haka ba sai ya galabaita nan da nan.

Wahalar tana wurin wuta da sanyi. Ɗaya daga cikin magungunan narkar da majinar, Pulmozyme, sai an ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wata za ta ce ai ga dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar tana da kyau ga tumatir da alayyafo, amma sanyinta ba ya sauka zuwa nan; wannan magani sai kula da ƙanƙara. Ita kuwa nebulaiza, ba mu manta ba yadda Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka kuma rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Wanda ya ɗora numfashin ɗansa kan soket, a wannan watanni ya gane kurensa. Mai hali ya nemi ƙaramar na'ura mai batir da ake cajawa da sola. Kuma ko wace iri ce, a wanke kofinta da abin rufe fuskar bayan kowane amfani, a tafasa sassan da ke jure zafi na minti 5 kullum, a bar su su bushe, domin danshi ne mazaunin ƙwayoyin cutar da ke lalata huhun irin waɗannan yara. Sabon maganin da ya sauya rayuwar masu cutar a Amurka tun 2019, Trikafta, kuɗinsa na shekara ya haura dala 300,000, don haka ba mu ma sa shi a lissafin guzuri ba.

Ga mai asma, wanda shi ne zancen mafi yawanmu, al'amarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin shi galibi ba ya buƙatar na'ura. Ƙaramin gwangwanin fesawa na salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, in aka haɗa shi da gorar tsakani, yana yin aikin da nebulaiza ke yi. Kuskuren da muke yawan gani shi ne a fesa wa yaro kai-tsaye a baki. Maganin sai ya tsaya a harshe da maƙogwaro, uwa ta ce bai da ƙarfi. A 1999 Dokta Heather Zar da abokan aikinta a asibitin yara na Red Cross da ke birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu suka wallafa bincike a mujallar likitoci ta Lancet, inda suka nuna cewa gorar roba ta rabin lita, irin ta lemo, tana aiki daidai da gorar tsakani ta kamfani. Ana huda gindin gorar daidai bakin gwangwanin, a cusa shi ya zauna ba tare da iska na fita ba, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa. A girgiza gwangwanin, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi sau biyar ko shida, sannan a sake girgizawa a fesa na biyu. A wanke gorar da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da tsumma. Jinjiri da ɗan yaye da ba su iya kama bakin gora ba, su sai da abin rufe hanci da baki, kuma wannan a likita za a nema kafin ranar tafiya.

A nan ne muke son Hajiya ta yi wa magani irin lissafin da take yi wa tiyar wake. Gwangwani ɗaya fesawa 200 ne a ciki. Yaron da ke shan fesawa 8 a rana zai ƙarar da shi cikin kwana 25, kuma gwangwanin da maganinsa ya ƙare yana ci gaba da yin ƙara da fitar da iska, don haka girgizawa a kunne ba ta nuna komai. A rubuta ranar da aka fara shi a jikinsa, a tafi da na biyu sabo. Wurin ajiyarsa jakar hannu ce ko lalitar da ke jikin uwa. Wanda aka tura cikin ƙullin kaya a saman mota ba shi da amfani lokacin da ƙirji ya kama a tsakiyar daji. Kada kuma a bar shi a gaban mota cikin rana, domin ana son ya zauna ƙasa da digiri 30. Idan likita ya ba yaron na biyu, wato na rigakafi irin beklometazon da ake sha safe da dare, wannan shi aka fi mantawa a gida saboda yaro ya yi kwanaki lafiya, alhali shi ne ya sa yake lafiyar. A ci gaba da shi a hanya, a kuskure baki bayan an sha.

Sauran kuma dabarun zama ne. In da hali a biya kuɗin gaban mota saboda yaron, ko a rufe masa hanci da baki da mayafi mara kauri a inda ƙura ta tashi. A kasuwa a nisanta shi daga masu sheƙar gero da injin niƙa da layin barkono da murhun masu tuya. A masauki kuwa, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka rufe sun sha tayar da asma cikin dare; gidan sauro ya fi. Mun san wata za ta ce ba ta iya kwana ba turare, to ta yi haƙuri na kwana biyu.

Kada a sayi ruwan maganin tari a hannun masu yawo da magani a tire ko a bayan keke. Ba ya buɗe ƙirjin mai asma, kuma a 2022 yara kimanin 70 suka mutu a ƙasar Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin tari da ya lalata musu ƙoda.

Uwa ta koyi ƙirga numfashin ɗanta na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40 ko fiye. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono ko magana, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko ya yi laushi yana gyangyaɗi, ko an fesa masa adadin da likita ya rubuta bai samu sauƙi ba, to ciniki ya tsaya nan. A ci gaba da fesa masa a hanya, a nufi likita mafi kusa. Akwai asibitin gunduma a Mayahi da kuma Tasawa, ga manyan asibitoci a Maraɗi, kimanin kilomita 120 daga Tasawa a kan kwalta. Tun 2006 dokar Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake akan tarar magani ya yanke a rubuta wa uwa ta saya a waje, saboda haka a ware jaka kaɗan daga jari. Wadda za ta tsallaka Nijeriya ta riƙe katin asibitin yaron, ta kuma sa a rubuta mata ainihin sunan maganin da adadinsa a takarda, domin ma'aikacin Jibiya ko Katsina da Ingilishi ya yi karatu, amma salbutamol da beklometazon sunansu kusan ɗaya ne a ɓangarorin iyakar biyu.