Tsoffin taswirorin Turawa da garuruwan da Tafkin Kainji ya haɗiye

Wanda ya tsaya a bakin ruwa a Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, tafki zai gani shimfiɗe. Kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, kogi ne a wurin, da tsibirai da duwatsu da ƙauyuka. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwan nan. Mai neman siffar ƙasar ta da, sai dai ya tambayi tsofaffi ko ya duba tsoffin taswirori, waɗanda yawancinsu ke ɗakunan karatu da hannun masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka.

Masu tarawar sun fi son waɗanda aka yi wa launi da hannu. Akan sassaƙa zanen a farantin jan ƙarfe, a buga da baƙin tawada, sannan mai fenti ya bi kowane kwafi da burushi. Launin asali ya fi daraja a kan wanda aka shafa daga baya.

Sai dai kyau daban, gaskiya daban. Taswirar da James Rennell ya zana a 1798 don littafin Mungo Park ta nuna Neja ya ƙare a fadamun tsakiyar nahiyar, ta kuma shata jerin duwatsun Kong, waɗanda babu su. Masu zane suka yi ta kwafar kuskuren kusan shekara 90. Park kansa ya wuce Yawuri, ya halaka a duwatsun Busa a 1806.

A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bai wa Hugh Clapperton taswira a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. Ta nuna Kwara ya nufi Masar, kuma wasu masana na ganin da gangan ya ɓatar musu da hanya. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John, bayan sun zauna makonni a Yawuri, suka gangara a kwalekwale har teku. Matuƙa jirgin yankin ne suka ratsa da su tsakanin duwatsun, amma sunan Lander aka riƙe.

Ɗalibin Ngaski ba ya buƙatar kuɗin gwanjo: kundin David Rumsey ya sa dubban tsoffin taswirori kyauta a intanet. Mai dubawa ya lura da rubutun Turawan lokacin, don Yawuri kan fito a matsayin Yaoorie ko Youri, Busa kuma Boussa.