KAKA TA YI, KAKA BA TA NAN

Daga Wakilinmu a Ikko

Ran wata Asabar cikin watan Oktoba na shiga kasuwar Mil 12 a nan Ikko domin in ji yadda kayan abinci suka kwana, kamar dai yadda aikinmu na jarida ya saba kai mu. Ana ta yayyafi, ƙasa duk ta caɓe, 'yan dako suna ta kai da kawowa. Ina cikin yi wa wani dattijo mai sayar da hatsi tambaya, sai yaronsa ya kwance bakin wani buhun gero da aka sauke daga mota da asuba. Ƙanshin sabon gero ya buge ni. Na yi tsaye da alƙalami a hannu, tambayar da na zo da ita ta ɓace mini. Dattijon ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ashe ɗan ƙauye ne. Na ce ƙwarai kuwa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan ƙanshi, ya kuma san abin da yake faɗa, watau kaka ta yi. A nan Kudu mutum ba ya ganin shigowarta, domin ruwa yakan kai har cikin Nuwamba, gari kuwa kore shar yake. Sai dai ta biyo ka a buhu. Mai karatu ya sani, kaka ta girbi da kaka mahaifiyar uba a rubuce ɗaya suke. Ni dai a wurina tun ina yaro ban taɓa raba su ba, shi ya sa buhun nan ya tuna mini da biyun gaba ɗaya, alhali kuwa ɗaya ce kaɗai take dawowa kowace shekara.

Yadda Kaka Take Shigowa

A ƙauyenmu da ke arewa da birnin Kano, kaka ba ta shigowa rana ɗaya. Gero ne yake fara buɗe ƙofa tun ruwa bai ɗauke ba, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Kafin ma a girbe shi, yara sun fara karyo zangarniya suna gasawa, suna murza tumu a tafin hannu suna hure ƙaiƙayi. Wannan tumu ba abin wasa ba ne, domin yakan zo ne daidai lokacin da rumbu ya kusa kaiwa ƙasa, gidaje da yawa sun rage awo. Daga nan sai zafin agazari ya sauko, sai a shiga cirar gyaɗa da roron wake. Dawa da maiwa su ne 'yan baya, sai Nuwamba ko Disamba, sa'ad da iska ta juya, leɓe ya fara tsagewa, hazo ya fara rufe bakin gari.

A wannan lokaci babu mai zaman banza. Maza suna gona suna yanka suna ɗaurin dami, jakuna suna jigila, mata suna sussuka da sheƙa, tsofaffi da marasa gona suna bin baya suna kala, ba kuwa mai hana su. Kara ma ba a yar da shi, da shi ake danga, harawa kuma a ɗora ta a kan bishiya ko rufin ɗaki saboda dabbobi. Sa'an nan a fitar da haƙƙin Allah. Hatsin da ya kai nisabi, watau wusuƙi biyar ko sa'i 300, idan ruwan sama ne ya shayar da shi ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, idan kuwa na ban ruwa ne da aka sha wahalarsa, ɗaya cikin ashirin. Manomi ya sauƙaƙa wa kansa lissafin, in ya ƙirga dami tara sai ya ware na goma.

Da hatsi ya shiga rumbu sai gari ya ɗauki harama. A kaka ake biyan bashi, a kaka ake ɗaura auren da aka yi ta ɗagawa, a kaka mahauta suke yawon dambe gari gari, samari su yi kokawa a dandali. A da ma a kaka ake biyan haraji, kafin gwamnonin PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, su soke haraji da jangali cikin 1979. Bayan an gama duk wannan, sai 'yan cin rani su ɗaure ƙunshinsu. Da yawa daga cikin mu da muke Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan, in aka bi salsala, cin ranin wani ne ya zarce.

Lissafin Tsohuwa

Mahaifiyar babanmu, wadda duk gidan muke kira Iya, ba ta san kalanda ba, amma ba ta taɓa ɓatan lissafi ba. Ita da damina da kaka take ƙirga shekaru. In ka tambaye ta shekarunta, sai ta ce an gaya mata an haife ta ne bayan 'Yar Gusau da damina biyu. Sai da na girma na karanta na gane 'Yar Gusau yunwa ce da aka yi cikin 1942. Takan kuma ba mu labarin Kakalaba, wadda ita ma ji ta yi a bakin nata iyayen, watau babbar yunwar nan ta 1913 zuwa 1914. Auren wata goggonmu kuwa, ta ce shekarar da aka canza kuɗi ne, kuma haka ne, ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule.

Wannan shekara ta 1973 ba ta fita bakinta, domin ita ce shekarar babban fari. Ta ce gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, aka sayar da dabbobi a wulaƙance, magidanta suka watsu neman abinci. Kafin nan gyaɗa ce kuɗin ƙauyenmu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 aka buɗe cinikinta, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar nan da ake danganta farkonta da Alhaji Alhassan Ɗantata. Farin 1973 ya raunana gyaɗa, cutar da ƙananan ƙwari suka yaɗa cikin 1975 ta ƙarasa ta, dala ta zama labari. Ni a littafi na karanta wannan. Ita kuwa abin da ta riƙe shi ne, daga shekarar nan kakanmu bai ƙara sayo mata turmin atamfa da kuɗin gyaɗa ba.

Yunwar da ta gani ce ta koya mata hali ɗaya da muka riƙa yi mata dariya a kansa. Kowace kaka, kafin a zuba dami a rumbu, sai ta zauna ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta gero daban, ta farfara daban, ta kaura daban, ta ɗaure ta rataye a madafi inda hayaƙi zai hana ƙwari. Ko da za a kwana da yunwa ba a taɓa wannan iri. Na taɓa zarar ɗaya na ba kaji. Ran nan ne kaɗai a rayuwata ta kira ni da sunana na yanka. Sauran kwanaki duk maigida take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika, ta ce na bar ta ba cefane, ni kuma in ce na sake ta na auri yarinya.

Saƙon Da Na Ɗaga

Da na sami aiki a Ikko, duk kaka sai ta aiko mini da ƙullin garin kunu da ƙuli-ƙuli da 'yar kuka ta hannun direbobin garinmu. A shekararta ta ƙarshe ba ta aiko da kome ba sai magana. Ta sa aka kira ni ta waya, ta ce maigida ya zo ya ci tumu, ƙafa ta ƙi, ba ta san ko za ta ga dawa ba. Na ce mata aiki ya yi yawa, amma da zarar an yanke dawa ina tafe. Ta yi dariya ta ce Allah ya kai mu.

Gero ta gani, dawa ba ta gani ba. Aka buga mini waya bayan sallar asuba, kafin in sami mota an riga an kai ta, domin ba a ajiye gawa jiran na nesa. Na isa washegari na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Da na shiga madafinta, ga irin geron bana a rataye, ta riga ta zaɓa. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Ban rubuta wannan don a ji tausayina ba. Na rubuta ne domin na san a cikin masu karanta jaridar nan akwai wanda irin wannan saƙo yake jiransa yanzu, yana cewa sai an yi albashi, sai an yi hutu, sai Salla.

Makabarta Bayan Damina

Mu ba mu da wata rana guda a shekara da aka keɓe don tunawa da mamata, kuma kabarinmu ba gini ba ne. Tudun ƙasa ne, sai ɗan icce ko fasasshiyar tukunya don shaida. Damina biyu ko uku ta ishe shi ya kwanta. Saboda haka a garuruwa da yawa, da ruwa ya ɗauke sai a yi gayya a shiga makabarta, a nome ciyawa kafin wutar daji ta zo, a cike inda ya rufta, a gyara shinge saboda dabbobi. A nan ne za ka ga dattijo ya kama hannun yaro yana nuna masa, nan babana yake, can wana, wancan gefen kuwa kakarka. In dattijon ya tafi bai nuna wa kowa ba, shi ke nan, wurin ya ɓace.

Akwai kuma tunawar da ake yi da suna. Yaro ya ci sunan kakansa, uwarsa ba ta iya faɗin sunan surukinta saboda kunya, sai a laƙaba masa Abba ko Baffa, yarinya kuwa Ummi ko Iya. Ka shiga kowane gida ka ji ana kiran ɗan shekara uku Abba, to wani aka tuna. Game da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, malamai sun yi saɓani, wasu gidaje suna yi, wasu sun bari, ba kuwa wannan fili ne zai raba gardamar ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, kuma hadisi ya inganta cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa ban da abu uku, sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a.

Inda Kaka Ta Zama Makoki

Ba zai yiwu a yi zancen kaka a yau a tsallake waɗanda ta zame musu lokacin kuka ba. Ran 28 ga Nuwamba 2020, mayaƙan Boko Haram suka auka wa manoma 'yan Zabarmari suna yankan shinkafa a Koshebe cikin Jihar Borno, suka kashe fiye da mutum 40. Iyalan nan duk sa'ad da shinkafa ta nuna sai ciwonsu ya dawo sabo. A wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, an sha ba da rahoton 'yan bindiga suna ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin su bari a girbe abin da aka shuka. Harajin da aka yi murnar sokewa ya dawo ta hannun wanda ba shi da littafi, ba shi da kunya. Mutanen da suka gudo birni sun baro gona, sun baro rumbu, sun kuma baro kaburburan iyayensu ba mai nome musu ciyawa. Ni da na iske kabarin Iya na tsaya a kansa, sai na ga ashe gata gare ni.

Abin Da Muka Yanke

Bayan an raba gado, sai maganar sayar da gonarta ta taso, domin yawancinmu muna birni, kuma an yi tayi mai tsoka. Ban ga laifin masu son a sayar ba, kowa da nauyin da ke kansa, ga kuɗin makaranta, ga haya. Muka yi ta ja har zumunci ya fara tsami. Goggonmu ce ta kashe maganar. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da damin irin nan na madafi, wanda ashe ita ta kwance ta adana, ta ajiye a gaban Baffa, ta tambaye shi a wace gona za a shuka shi in an sayar da wannan. Aka yi tsit. Daga baya muka shirya, na birni su aiko da kuɗin taki da na ƙwadago, na gida su duba aiki, in an fitar da zakka a ware wani kaso a raba wa gwauraye da marayun unguwa da niyyar ladan ya kai gare ta, saura a raba.

Bana ma an shuka irin, an kuwa gaya mini ya yi kyau. Na nemi izni a wurin aiki, in Allah ya yarda da ni za a yanke dawa, zan kuma tafi da ɗana domin Baffa ya nuna masa wurin tun yana iya nunawa.

Jama'a, wanda duk yake da tsoho ko tsohuwa a gida, zumunta a ƙafa take. Waya ta yi rana, amma ba ta murza tumu. Wanda nasa suka riga suka wuce, to ga sabon hatsi ya shigo, mudu ɗaya ma sadaka ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu amfanin abin da muka noma cikin kwanciyar hankali, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.