Kafet Ya Ƙone? A Babankatami Faci Ake Yi Masa

A Babankatami da ke gundumar Buza ta jihar Tawa, kafet kan shigo gida cikin kayan ɗakin amarya ko tsarabar ɗan cirani, don haka ba a saurin yar da shi ko garwashin shayi ya ƙona shi.

Mata kan yanke wurin ƙunar da reza, su yanko daidai girmansa daga ɓangaren da gado ya rufe, su daidaita kwanciyar gashin, su manna da gam bisa ƙyalle ta ƙasa, sannan su danne da turmi ya kwana. Bakin da ya zare kuma a ɗinke shi.

Maganin danshi kuwa, a shimfiɗa tabarmar kaba ta Madawa a ƙarƙashinsa.