Jini Ba Ya Mantuwa: Abin Da Aka Gano A Garki

Sa'ad da ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, jiki yakan ƙera waɗansu makamai cikin jini domin ya yaƙe ta. Ko bayan ciwon ya wuce, makaman nan sukan daɗe ba su ɓace ba. Madubin likita yana nuna ƙwayar da ke cikin jini a yau, amma awon makaman nan shi ke ba da labarin abin da ya wuce.

Da wannan dabara aka yi aiki a gundumar Garki, arewa da Kano, wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka binciki zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukanta. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa wa ɗakuna maganin sauro, waɗansu ƙauyuka kuma aka haɗa musu da rabon magani, ana ɗibar jinin mutane ana aunawa.

To, inda aka tsananta rabon magani, sai makaman suka ragu cikin jinin jama'a, watau cutar ta ja da baya. Amma da aka daina, zazzaɓi ya komo.

Saboda haka, malamai da ma'aikata, ku fahimtar da jama'a abu biyu. Samun makaman nan a jini ba lalle ne ya nuna mutum yana ciwo yanzu ba. Sa'an nan yaƙi da sauro ba na damina ɗaya ba ne.