Waƙar da aka yi wa cigiya

Wata safiya Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya farka da wani karin waƙa yana yi masa yawo a ka. A lokacin yana zaune ne a wani ɗan ɗaki can ƙololuwar benen iyayen budurwarsa, Jane Asher, a titin Wimpole da ke Landan. Akwai fiyano dab da gadonsa. Ko ido bai wanke ba ya hau kai, ya lalubo sautin da yatsu tun kafin ya ɓace masa.

Maimakon murna, tsoro ne ya kama shi. Karin ya zo masa a kammale, babu inda ke neman gyara, don haka ransa ya ba shi cewa na wani ne, ya taɓa ji a wani wuri ya manta. Mahaifinsa tsohon makaɗi ne, gidansu na Liverpool bai rabu da tsofaffin waƙoƙi ba, ka ga zargin ba na banza ba ne. Ya ɗauki abin a matsayin tsintuwa, ya shiga cigiya. Kusan wata guda, duk ɗan harkar waƙar da ya haɗu da shi sai ya kaɗa masa, ya tambaye shi ko ya san mai ita. Ya tambayi mawaƙiya Alma Cogan, ya tambayi George Martin mai tsara musu faifai. Kowa ya ce bai taɓa ji ba. Sai da mai shi ya ƙi bayyana sannan ya yarda nasa ne. A harkar da ba a jin kunyar ɗaukar na wani a sauya masa riga, wannan cigiyar ta fi mafarkin burge ni.

Saura kuma baituka, su ne suka ƙi zuwa. Don kada karin ya zauna haka nan, ya laƙa masa wasu kalmomin shirme a kan soyayyen ƙwai, kuma da sunan ƙwan aka san waƙar tsawon watanni. Lokacin ɗaukar fim ɗinsu Help! ya addabi kowa da ita, har mai ba da umarni, Richard Lester, ya yi barazanar sa a fitar da fiyanon. A watan Mayun 1965, cikin mota daga Lisbon zuwa Albufeira a ƙasar Fotugal, kalmomin suka fara sauko masa. Da isarsa masauki ya ari jita ya ɗora su. Sunan ya koma Yesterday, wato jiya.

Ranar 14 ga Yunin 1965 aka naɗe ta a ɗakin EMI da ke Abbey Road, saura kwana huɗu ya cika shekara 23. Sau biyu kacal ya rera. Sauran 'yan ƙungiyar, John Lennon, George da Ringo, ba su sa hannu ba, shi kaɗai ne da jitarsa. Martin ya kawo shawarar a ƙara masu gogen Turawa guda huɗu. Paul ya ɗan yi turjiya, wai su 'yan rok ne, daga baya ya sauko.

'Yan ƙungiyar ba su yarda a fitar da ita ita kaɗai a Ingila ba, don ba ta yi kama da su ba. Sai a 1976 aka yi hakan. A Amurka kuwa ta yi mako huɗu tana kan gaba. Mawaƙa sun sake rera ta fiye da sau 2,000, har da Ray Charles da Elvis Presley, kuma sunan John Lennon na jikinta bisa tsohuwar yarjejeniyarsu, ko da yake bai rubuta ko harafi ba.

Shekaru da yawa ana ɗaukar ta waƙar saurayin da budurwa ta gudu ta bari. Sai da girma ya kama Paul ya fara cewa wataƙila mahaifiyarsa Mary yake nufi bai sani ba. Ciwon daji ya ɗauke ta a 1956, yana ɗan shekara 14.